Inda Aka Bar Winnie

Perth, Fabrairu

Zuwa ga Kaka Merle,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ya zafin Carnarvon? Ya ƙafar? Kaylene ce, jikar yayanki Clem, 'yar Denise. In kin manta fuskata, ni ce doguwar da ta zubar miki da shayi a cinya ranar jana'izarsa. Mama tana gaishe ki. Sukarinta ya sauka, bakinta ne dai bai sauka ba.

Na neme ki a waya. Da farko kika ce ba kya sayen komai, kika kashe. Da na sake kira kika ce, "Ko wace ce ke, ba na ji, ki rubuto." To ga shi na rubuto.

Na sami aiki a hukumar da ke shimfiɗa sabon layin dogo ta gabashin gari. An ɗauke ni in tsaya tsakaninsu da mutanenmu na Noongar, 'yan asalin ƙasar nan tun kafin zuwan Turawa, in kai maganar injiniyoyi wurin dattawa, in dawo da ta dattawa. Har yanzu ban gane ko ta wane ɓangare ce ni ba. A ofis sai a ce, "Kaylene, me mutanenku suke so?" In na shiga taron dattawa kuma a ce, "Yarinya, yau me mutanenki suka ƙulla?"

Ga abin da ya sa na dame ki. Za a gina tasha a bakin fadamar Kellock. Layin kansa zai bi ta gefe, amma filin da bas-bas za su riƙa juyawa zai ci kusurwar fadamar, inda wata tsohuwar bishiya mai farin ɓawo take tsaye, irin wadda ɓawonta ke saɓulewa falle-falle. Injiniyan aikin, Mista Petkovic, ba shi da mugun nufi. Ya shimfiɗa taswira a gaban kwamitin dattawa, ya miƙa jan biro, ya ce su zagaye duk inda ba sa so a taɓa. Kawu Vern, shugaban kwamitin, ya ce, "Kawo, ɗana, in zagaye maka takardar gaba ɗaya." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da dariyar ta lafa ya sake miƙa biron, ba wanda ya karɓa.

Suna kuma son a sa wa tashar suna da harshenmu. Kawu Vern ya kawo wani suna, wata tsohuwa ta ce sam, wannan na wata fadamar ne can kudu, aka yi ta cacar baki har shayi ya huce. Ana cikin haka ya juyo kaina ya ce, "Ke ba jikar Clem ba ce? Ai a zangon fadamar nan aka haife shi. Ki tambayi ƙanwarsa mana, in tana da rai."

Kaka, kunya ta rufe ni. Ban ma san mutanenmu sun taɓa zama a wurin ba. Kaka Clem bai taɓa ɗaga maganar ba, kullum sai hirar ƙwallo da tumaki.

Don Allah, mene ne sunan wurin? Kuma bishiyar nan, akwai wani abu game da ita?

Jikarki,
Kaylene

Carnarvon, Maris

Zuwa ga Kaylene mai zubar da shayi,

Na sami takardarki. Lafiyata lau in aka cire ƙafa da kunne da ido ɗaya, saura duk suna aiki. Siket ɗin nan har yau da tabonsa. Ki ce wa Denise na gaishe ta, kuma ta daina ɓoye lemon kwalba a ƙarƙashin gado, kowa ya sani.

Wai in ina da rai! Vern ɗan Maisie ne yake tambaya? Vern ɗin da na sani majina ce kaca-kaca a hancinsa, ba shi da ko wando. Yanzu shi ne shugaban dattawa? Lallai dattawa sun ƙare.

Kin tambayi suna. Mu dai Bayan Juji muke ce masa, don a nan gari yake zubar da shara, a nan kuma aka yarda mu kafa bukkokinmu. Da kwanon rufin da suka yar muka yi ɗakuna. Mama ta san sunan gaske, na sha jinsa a bakinta. Amma a gidan mishan da aka kai mu muna yara, sabulu ake cusa mana a baki in an ji mun yi harshenmu, sunan ya fita tare da kumfar. Jiya na zauna a baranda ina ta juya harshe ko zai dawo, bai dawo ba. Ki faɗa wa mutanen naki su rubuta Bayan Juji a allon tashar, mu gani ko za su iya.

Bishiya kuwa, kada su taɓa ta. A gindinta muka bar Winnie, ƙanwarmu. Mama ce ta kwantar da ita da hannunta, ta lulluɓe ta da ɓawo. Shekararta huɗu. Yau ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

Gobe za a zo a ɗauke ni. An yi rasuwa a dangin marigayi mijina can cikin daji, za mu je zaman makoki. Ba na jin zan daɗe.

Kakarki,
Merle

Perth, Afrilu

Kaka Merle,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki gaisuwar rashin da aka yi. Allah ya ba ku haƙuri. Da fatan kin dawo gida lafiya. Mu muna nan ƙalau, zafi ya fara sauƙi.

A cikin mota na karanta takardarki, na daɗe ban iya tayar da motar ba. Na kai wa Mama, ta karanta, ta ce, "Wace Winnie?" Ita ma ba ta taɓa jin kuna da ƙanwa ba. Mahaifinta ya rene ta, ya aurar da ita, ya rasu a hannunta, bai taɓa furta sunan ba.

Washegari katafila za ta fara share kusurwar. Ban tsaya shawara da kowa ba, na wuce kai tsaye wurin Mista Petkovic na ce, "Akwai kabari a gindin bishiyar nan. Na yarinya ƙarama." Ya cire hular kwanonsa ya riƙe a hannu. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce yayarta ce ta rubuto. Nan take ya ɗauki waya. Kafin azahar an kashe injina, 'yan sanda sun zo sun duba, an kewaye wurin da shingen waya.

Na zaci dattawa za su ji daɗi. Kawu Vern ko kujera bai bari na ja ba.

Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce, "Kawu, ai kai ka ce in tambaye ta."

"Na ce ki tambaye ta, ban ce ki tsallake mu ki kai wa Bature mamacinmu ba. Da 'yan sanda! A wannan wurin! Kin san abin da motar 'yan sanda take nufi a fadamar nan?"

Na ce ban sani ba. Ya ce, "To shi ne." Sannan ya ce shi bai ma yarda akwai kabari ba, wai da an binne yaro a wurin da uwarsa ta faɗa masa, don ta nuna masa duk inda aka sa namu. Wata ta ce, "Kai Vern, uwarka ce take riƙe da fatanyar kowace jana'iza?" Rigima ta koma tsakaninsu, na samu na sulale.

Yanzu rabin kwamitin sun ce a yi hayaƙin ganye a tsarkake wurin, rabi sun ce ba za a kunna wuta don kabarin da ba a gani ba. A ofis kuma wani ya kawo shawara a sa wa tashar sunan Winnie, har an fara zana furanni a bangon shiga. Za a kawo wata na'ura mai leƙa ƙarƙashin ƙasa ba tare da an haƙa ba.

Kaka, na san da ciwo, amma ki taimake ni. Ta wane gefen bishiyar take, wajen ruwa ko wajen titi? Me ya same ta? Kina so a bar ta a nan, ko a mayar da ita kusa da Kaka Clem? Ba zan ƙara yin komai ba sai na ji daga gare ki.

Jikarki,
Kaylene

Perth, Mayu

Kaka,

Ina fatan lafiya. Shirun ya yi yawa. Na kira gidanki har na gaji, na kira asibitin garinku suka ce ba ki kwanta ba. Ko haushina kike ji? Damina ta sauka a nan, Mama tana fama da tari.

Sun kawo na'urar. Sun bi gindin bishiyar ta kowane gefe, sun ƙara faɗaɗawa har bakin ruwa. Inda ta nuna alama suka tona a hankali da ɗan cokali, dattawa suna tsaye a kansu. An sami tsohuwar butar shayi, kwalabe, tafin takalmi, da ƙashin tunkiya. Ba Winnie.

Matar da ta kawo na'urar ta ce ƙasar fadama tana cinye ƙashin yaro, rashin gani ba ya nufin babu. Kawu Vern ya ce, "Na faɗa muku." Shugaban Mista Petkovic kuwa ya kira ni ofishinsa, ya ba ni shayi, ya tambaye ni cikin ladabi wai shekarunki nawa, kuma kanki yana daidai? Na ce kanki ya fi nawa. Da na fito sai na tsaya a bakin ƙofa ina tambayar kaina, sau nawa ma na taɓa ganinki a duniya?

Ba Turawa kaɗai ke fushi ba. A kantin unguwa wata 'yar uwarmu ta tare ni ta ce, "Ke ce kika tsayar da jirgin? Bas uku nake hawa zuwa wankin ƙoda. In na mutu a hanya ni ma ki sa a kewaye ni da waya."

Wasu kuma sun fara ɗaura furanni a jikin wayar. Wani ya rubuta WINNIE da farin fenti a katako ya rataye, ana hango shi daga titi. Jiya na ga 'yar tsana a wurin, ruwa ya jiƙa ta sharkaf.

An ba ni zuwa ƙarshen Yuni. In ba wata hujja, katafila za ta dawo. Ko wata bishiyar ce daban, Kaka? Ko an sare ta tuni, wannan 'yarta ce? Ko fadamar ma ba ita ba ce? Ni dai na rasa gane komai.

Kaylene

Carnarvon, Yuni

Kaylene,

Lafiyata lau. Makokin ya haɗu da wani makokin, sannan kogi ya kawo ya datse hanya, sai shekaranjiya na dawo. Na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa.

Ke yarinya, wa ya ce miki ta mutu?

Na karanta da tabarau, na cire na goge, na sake karantawa. Na ce ko wani ne ya kawo miki labarin da ni ban samu ba. Sai da na zauna na tuno abin da na rubuta miki, sannan na gane daga bakina kika ɗauko. Kabari! 'Yan sanda da cokali! Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, na yi duka biyun, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

To saurara. Shekarata tara. Da safe ne, Mama tana gasa burodi a toka, ni da Clem muna bakin ruwa muna neman kififiya. Karnuka suka hau haushi. Baƙar motar gwamnati ce, da ɗan sanda, da wata Baturiya mai hula da safar hannu. Kowa a zangon ya san abin da ke kawo su, yaran da fatarsu ta yi haske suke kwashewa. Mu biyu an riga an hango mu. Winnie kuwa ta fi mu haske duka, tana bayan bukka. Mama ta sure ta, ta bi ta cikin ciyawa a duƙe har gindin bishiyar. Akwai wani rami tsakanin saiwoyi. Ta kwantar da ita, ta yayyago ɓawo ta rufe ta, ta dawo ta tsaya a gaban wuta tana karkaɗe hannu.

Baturiyar ta duba takardarta ta ce, "Uku ne." Mama ta ce, "Biyu ne, ƙaramar tana wurin 'yar uwata." Suka bincika bukkoki. Ɗan sandan ya wuce ta gaban bishiyar har ya tsaya ya kunna taba. Da aka sa mu a mota na manna fuskata a gilashi ina kallon ɓawon nan. Bai motsa ba. Yarinya 'yar shekara huɗu, Kaylene, wadda ko a cinya ba ta iya zama shiru.

Ganina da ita na ƙarshe ke nan, in ma za a kira shi gani.

Da aka sallame ni daga mishan aka tura ni aikatau. Kafin in sami hanyar komawa Mama ta rasu, an ƙone zangon an baje shi. Na bi mutane ina tambaya. Wani ya ce wata goggonmu ta tafi da ita kudu. Wata ta ce motar ta dawo. Wata ta ce zazzaɓi. Mai zazzaɓin mashayiya ce, ban ɗauki maganarta ba. Clem ya yi nasa neman, ranar da ya gaji ya rufe bakinsa, bai ƙara buɗewa ba.

Duk sanda na sauka Perth nakan ɗauki tasi in je in zauna a gindin bishiyar. Ba don ina zaton tana ciki ba. In tana nemanmu, nan kaɗai ta sani. Shi ya sa na ce kada a taɓa.

Ki je ki kwashe furannin nan da katakon. Ba a yi wa mai rai haka. Kada kuma a sa sunanta a bangon kowa. Wannan takardar ki karanta wa su Vern, da ƙarfi, har da injiniyan. Mai tambayar ko kaina daidai yake, ki ce masa a'a, kuma motarsu ce ta fara taɓa shi.

Kakarki,
Merle

Perth, Yuli

Kaka Merle,

Na gode wa Allah da kike lafiya. Tarin Mama ya warke. Ta ce in gaya miki lemon na baƙi ne.

Na karanta musu, kamar yadda kika ce. Na fara da cewa babu kabari, ni ce na fahimce ki a baibai. Na jira Kawu Vern ya cinye ni, amma ya bar ni na karanta har ƙarshe.

Mista Petkovic ne ya fara magana. Ya ce, "Ku yi haƙuri, ina so in gane. Ba kowa a ƙarƙashin bishiyar?"

Na ce babu.

"Amma kada a sare ta."

Na ce eh.

Ya shafa kansa. "Takardun da zan cika suna da gurbin kabari, da na wurin ibada, da na kayan tarihi. Wurin da ake jiran mutum, a ina zan sa shi?"

Wata tsohuwa ta ce, "Ba tasha kake ginawa ba? Me ake yi a tasha?"

Sai Kawu Vern ya yi gyaran murya. Ya ce uwarsa ta taɓa faɗa masa sun sha nono tare da wata yarinya da ba tata ba, bayan an kwashe yayyenta, uwarta kuma ta kwanta ciwo. Wai da sanyi ya shigo yarinyar ta kamu da tari, aka kai ta asibitin gari, da aka koma ɗaukarta aka ce an ba wa wasu. Bai san sunanta ba. Ya ce, "Ban taɓa haɗa ta da 'yan gidan Clem ba." Ya jawo taswirar ya zagaye bishiyar da kansa, sannan ya ce in gaya miki yanzu yana da wando.

Manyan ofis sun yarda a bar bishiyar. Za a matsar da filin bas-bas, amma sai an cike ɗaya gefen fadamar, inda kififiya ke yin ƙwai. An fara kwashe su a bokiti ana kai su wani tafki. Jirgi zai yi jinkiri, mai wankin ƙoda har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Sunan tasha kuma ana nan ana faɗa. A ofis an taya ni murna, ni kuwa ban san ko nasara muka yi ba.

Akwai wata magana. Ki zauna kafin ki ci gaba.

Ina tsaye ina kwance katakon sai wata bas ta tsaya a inda ba tasha ba, direbar ta leƙo ta ce, "Don Allah kada ki tafi, zan dawo in na sauke motar." Ta dawo da yamma. Sunanta Glenys, ta haura hamsin. Ta ce tun da aka rataye katakon take wucewa ta gabansa kullum, ba ta iya cin abinci. Sunan mahaifiyarta Winifred, sunan da ake taƙaitawa a ce Winnie. Wasu Turawa ne suka ɗauko Winifred ɗin daga asibiti tana ƙarama suka rene ta a garin Bunbury, suka ce mata iyayenta 'yan Italiya ne. Ba ta taɓa yarda ba. Takardar haihuwarta ba uwa ba uba. Tana da tabon ƙuna a ƙwaurin hagu, ba ta san inda ta samo shi ba.

Kaka, Winifred ɗin ta rasu shekarun baya.

Winifred suna da yawa, na sani. Yaran da aka ɗauke ta asibiti ma suna da yawa. Na kalli hoton da ta nuna min, wani lokaci in ga Mama a ciki, wani lokaci in ga baƙuwa. Glenys ta ce akwai gwajin yawu da ake aikawa, ya nuna ko jini ɗaya ne. Ta roƙi adireshinki. Na ba ta, sannan na yi ta tunanin ko na sake yin gaggawa. Winnie tana da tabo a ƙafa?

Jikarki,
Kaylene

Carnarvon, Agusta

Kaylene,

Ina lafiya. Ki gaishe da Denise, ki gaishe da Vern da wandonsa.

Kin sake yin gaggawa. Takardarki ta riga matar isowa da kaɗan. Ban ma gama fushi ba na ga wata ƙatuwar mata ta faka mota a ƙofata, ta fito da kwalin biskit, ta tsaya a bakin shinge kamar mai jiran hukunci. Tun daga Perth ta tuƙo ita kaɗai.

Ban ce ta shigo ba. Ki gane, Kaylene. Shekara sittin da ɗoriya ina cewa ƙanwata tana wani gari tana shanya wanki. In na buɗe wa matar nan ƙofa, na binne ta ke nan. Ke kin binne ta bisa kuskure na tono ta, yanzu ga wata ta zo da biskit a sake binne ta.

Ta yi ta magana daga shinge. Na ce, "Ba na ji!" Ta ɗaga murya yadda suke yi wa fasinjan baya, duk layinmu ya ji: "Na ce ko zan iya shiga banɗakinki!" To wa zai hana mutum wannan?

Muka zauna a baranda. Ta ba ni hoton. Tsohuwa ce mai furfura da tabarau, tana riƙe da kek. Ni 'yar shekara huɗu na sani, ina zan gane wannan? Na kalli Glenys ɗin kanta, na ga kunnuwan Clem sak. Can mai kawo wasiƙu ya wuce a babur, shi ma na ga kunnuwan Clem.

Tabon kuwa, na tuna wani yaro ya taɓa faɗawa wuta a zangon, na tuna ihun, na tuna Mama tana shafa kitse. Ko Winnie ce, ko ɗan maƙwabta, na kwana biyu ina juya abin, kowane juyi da fuskar da yake ba ni.

Ta fito da 'yar kwalbar gwajin. Na ce ta mayar jaka. An taɓa auna jinina. Wani Bature ya ɗaga hannun rigata ya duba inda rana ba ta taɓa ba, ya rubuta rabi kaza, kwata kaza na jinin Turawa, a kan wannan lissafin aka sa ni a mota. Ba zan sake tofa wa kowa yawu ya gaya min ko ni wace ce ba. Ta ce ta gane. Ta yi kuka kaɗan, ta cinye rabin biskit ɗin da ta kawo min.

Na ce, "Faɗa min, uwar taki ta ƙoshi a duniya?"

Ta ce, "Anti, ta fi ni ƙiba."

"An dake ta?"

"Masu riƙonta ba su da fara'a, amma ba sa duka. Babana kuwa tsoronta yake ji."

"Tana dariya?"

"Har sai ta shaƙe. 'Ya'ya biyar ta haifa. Tana maguɗi a karta, ko jikokinta ba ta ƙyalewa."

"Wa ke wurin da za ta cika?"

"Dukanmu. Ɗakin bai ɗauke mu ba."

Sannan na ce mata, to na karɓa. Ban sani ba, Kaylene, kuma na gane ba zan taɓa sani ba. In Winnie ce, ta yi rayuwa, ta mutu a cikin 'ya'yanta. In ba ita ba ce, to wata ce da aka raba da nata, ita ma tana da yayar da ta mutu tana nema, ba wanda ya zo mata da hoto. Zan riƙe wannan.

Glenys tana nan, ta gyara min famfon kicin, tana minshari kamar injin niƙa, ni da ba na ji ma ina ji. Ranar Asabar za mu taso tare. Za ta kai ni Bunbury in ga inda aka sa uwarta, daga nan mu zo wurinku. Ta ce 'yan uwanta huɗu da 'ya'yansu duk za su biyo mu, suna so su ga fadamar.

Ki faɗa wa Denise ta nemo babbar tukunya. Ban san me za mu ce musu ba in sun tambayi yadda muke da su. Ki ce su zo da yunwa kawai.

Kakarki,
Merle